Yini Guda A Birnin Ankara

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma idan aka duba yawancinmu mutanen zango, zuwanmu Ankara ba ya wuce sarin kaya, ko neman wata takarda a ofis, ko rakiyar alhazai. Sai ka ga mutum ya yi shekara ashirin yana shiga babban birnin ƙasarsa, amma bai san ko'ina ba sai tasha da kasuwa da gidan da yake sauka. Wannan ne ya sa da muka tashi mu uku daga zangon Kumasi don ziyarar wani tsohon abokinmu da ke zaune a Nima, muka ware yini guda cur domin kallon gari kawai. To, ga tsarabar abin da muka gani.

Da farko dai, sunan nan Ankara da muke kiran garin da shi ya fito ne daga Nkran, sunan da mutanen Akan suke kiransa, Turawa kuma suka rubuta shi Accra. Ba shi da wani haɗi da Ankara ta ƙasar Turkiyya. Ƙasa ce ta mutanen Ga, masunta mazauna bakin teku. A 1877 Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast suka dawo da ita nan, tun daga lokacin kuma garin bai daina faɗi ba. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna yankin Ankara da kewaye ya haura mutum miliyan 5, har ya ɗan zarce namu yankin na Asante. Tsakanin Kumasi da Ankara kimanin kilomita 250 ne, amma cunkoson motoci na bakin gari kaɗai ya isa ya cinye wa matafiyi sa'a guda ko fiye.

Bayan mun idar da sallar asuba, mai masaukinmu ya kai mu bakin titi wurin mai koko. Muna zaune a kan benci sai ya ce, "'Yan'uwa, yau aiki ɗaya zan ba ku. Duk inda muka bi, ku kasa kunne ku ji kalmomin Hausa nawa za su fito daga bakin waɗanda ba su jin Hausa." Ai kuwa bai rufe baki ba sai ga wani ma'aikaci sanye da kwat ya tsaya yana neman "Hausa koko" da "kose", wato kokon gero mai citta da kanumfari da barkono, da ƙosanmu na wake. Can gefe kuma layi ne ya miƙe gaban mai "waakye". Wannan abinci da duk Gana ke alfahari da shi shinkafa da wake ne, sunan ma daga waken aka samo shi, jan launin nan nasa kuwa karan dafi ne da ake jefawa cikin tukunya tare da 'yar kanwa. Haka nan tuwon zafi, wanda yanzu a gidajen abinci ake taƙaita sunansa da haruffa biyu na Turanci. Kafin mu tashi daga benci mun riga mun ƙirga kalma huɗu.

Ita Nima ba tsohuwar unguwa ba ce sosai. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami fili daga hannun wani gidan mutanen Ga, mutane suka riƙa zuwa suna kafa bukkoki kusa da shi. Yau ga Hausawa, ga Fulani, ga Zabarmawa, ga Kotokoli, ga Mosawa da Dagombawa da Wangarawa, kowa da harshen gidansu, amma in an fito kasuwa ko masallaci Hausa ce ke haɗa su. Lunguna ƙanana, gidaje a cushe, kwata tana bi ta ƙofar gida. Duk da haka ba mu ga inda baƙo ke saurin samun wurin kwana da abin sawa a baki kamar nan ba.

Daga nan muka shiga trotro, ƙaramar motar haya da talakan Ankara ya dogara da ita. Sunanta ya fito daga "tro", wato kwabo uku da harshen Ga, kuɗin motar zamanin da. Yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran sunayen unguwanni da sauri, wanda bai saba ba sai ya tambayi na kusa da shi. Muka bi ta shataletalen Kwame Nkrumah, inda aka buɗe gadojin sama a 2016. A nan ne ranar 3 ga Yuni 2015 ruwan sama ya cika gari, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya malalo bisa ruwa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. Babban abin da ya jawo ambaliyar shi ne magudanan ruwa da shara ta toshe, kuma wannan wa'azi ne gare mu mazauna zango, domin mun san halin kwatocinmu.

Muka sauka kusa da kasuwar Makola. An gina ta a 1924, a 1979 kuma gwamnatin soja ta farko ta Rawlings ta rushe tsohon ginin, bisa zargin cewa matan kasuwa suna ɓoye kaya don su yi tsada. Ginin ya tafi, kasuwa kuwa ta watsu cikin titunan da ke kewaye, har yau tana ci. Atamfa da leshi, tumatir da busasshen kifi, tukwane da takalma, ba abin da babu. Mata ne ke riƙe da ita, kuma kowane irin kaya da shugabarsa. Cikin wannan turmutsutsu ne 'yan mata ke kutsawa da manyan kwanonin silba a ka, wasu da goyo a baya. Su ake kira kayayei. Rabin kalmar namu ne, wato kaya, rabi kuma na mutanen Ga ne, "yei", wato mata. Yawancinsu daga arewacin ƙasar nan suke zuwa neman kuɗin kayan ɗaki ko na makaranta, da yawa kuma a barandar shaguna suke kwana. Ɗaya daga cikinmu, wanda yake da 'ya'ya mata sa'o'insu, ya tsayar da wata ya ce, "'Yata, daga ina?" Ta ce daga wajen Walewale. Ya ce, "Kin karya kuwa?" Ta yi murmushi ta ce sai ta sami kayan farko tukuna. Ya saya mata koko, muka wuce jikinmu a sanyaye. Wannan kalma ta biyar da muka ƙirga ba ta yi mana daɗi ba.

Ba nisa da Makola akwai wasu tituna biyu da ya kamata kowane ɗan zango ya taka da ƙafarsa, Zongo Lane da Cow Lane. Wanda ya bi ta Zongo Lane yau shaguna zai gani, yawanci na kayan lantarki. Amma nan ne tushen zaman Hausawa a Ankara. Lokacin yaƙin Turawan Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya kawo sojojin Hausa daga Legas, bayan yaƙi wasunsu suka zauna. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sanda masu ɗauke da bindiga da irin waɗannan mutane, daga cikinta sojan ƙasar nan ya samo asali, shi ya sa aka daɗe Hausa ce harshen bariki. Sai kuma malamai da fatake. Malam Naino, mutumin Katsina, ya sami fili daga sarakunan Ga wajen 1881 ya kafa zango a wannan wuri. Da wurin ya cika, rigingimun shugabanci kuma suka yi yawa, ɗansa Malam Baƙo ya ƙaura da jama'arsa hayin tafkin Korle wajen 1912, ya kafa Sabon Zango, wanda yake nan har gobe.

Fatauci ma ya bi da manyan mutane ta nan. Bayan da kasuwar Salaga ta durƙushe a ƙarshen ƙarni na 19, goro ya koma bin hanyar teku. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, ya zauna a Ankara yana matashi, yana loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas, kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. A Cow Lane kuwa aka haifi Shehu Usman Nuhu Sharubutu a 1919, wanda aka naɗa babban limamin ƙasa a 1993. Mun yi ta dube-dube ko za mu ga wani allo a jikin bango da ke faɗa wa mai wucewa ko da kaɗan daga cikin wannan tarihi, idonmu bai faɗa kan ko ɗaya ba.

Daga nan muka gangara da ƙafa zuwa tsohon gari, wato Ussher Town da Jamestown, inda iskar teku da ƙaurin kifi ke tarbar mutum. Akwai tsofaffin ganuwoyin Turawa biyu a nan, kusa da juna. Mutanen Holan suka gina ta farko a 1649, ta koma hannun Ingila a 1868 aka sa mata suna Ussher. Ta biyu, James, 'yan kasuwar Ingila suka gina ta a 1673. Dukansu an tsare bayi a cikinsu kafin a loda su a jirgi, daga baya kuma aka mai da su gidajen kurkuku. A ta James ce aka ɗaure Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen 1951, aka fito da shi ya shugabanci gwamnati. Ba a daina tsare fursunoni a cikinta ba sai 2008. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa ganuwoyin bakin tekun Gana cikin kayan tarihin duniya. Mun tsaya daga waje muna kallon katangu masu kauri da gishirin teku ya ci, ba mai cewa uffan.

A wannan unguwa akwai wata tsohuwar kasuwa da ake kira kasuwar Salaga. Sunan kaɗai ya isa ya tuna mana cewa hanyar da ta kawo goro da kanwa da shanu, ita ce kuma ta kawo mutane a ɗaure daga arewa. A cikin masu sayarwa akwai masu jin Hausa, a cikin waɗanda aka sayar ma akwai su. Tarihi in za a faɗe shi, sai a faɗe shi duka. Ɗan gaba kaɗan ga Gidan Burazil, na mutanen da ake kira Tabom. Waɗannan 'yantattun bayi ne da suka dawo daga Burazil wajen 1836, jim kaɗan bayan tawayen da bayi musulmi suka yi a Bahia a 1835. Da yawansu musulmi ne, sarakunan Ga suka karɓe su suka ba su fili, su kuma suka kawo sana'ar ɗinki da haƙar rijiya da gini. Sunan Tabom ya fito daga wata gaisuwa ta harshen Fotugis da suke yawan faɗa, mai nufin lafiya lau. Jikokinsu yau mutanen Ga ne, ba mai ce musu baƙi.

Muka ƙarasa gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa, mai zanen ja da fari, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin ta 1871, tsawonta kimanin mita 28. Daga nan ana hango kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala, da sabuwar tashar masunta da ƙasar Sin ta ba da kuɗin ginawa, aka buɗe a 2024. Bayan unguwar kuma ga Bukom, mahaifar 'yan damben Gana, inda su Azumah Nelson da Ike Quartey suka fito. Yara ƙanana ma in suna wasa sai ka ga sun dunƙule hannu. A nan muka ci dokunu, wanda mutanen Ga ke kira komi, da soyayyen kifi da yaji baƙi. Muka tambayi inda za mu yi sallar azahar, wata dattijuwa Kirista mai sayar da kifi ta tashi da kanta ta nuna mana lungun da wani ɗan masallaci yake.

Da rana ta ɗan karkata muka bi babban titin bakin teku muka yi gabas, zuwa makwancin Kwame Nkrumah. Filin nan da can wurin wasan ƙwallon dawaki ne na Turawa, kuma a nan ne Nkrumah ya tsaya cikin daren 6 ga Maris 1957, sanye da rigar saƙi irin ta arewa, ya shaida wa duniya cewa Gana ta sami 'yancin kai. Sojoji suka hamɓarar da shi ranar 24 ga Fabrairu 1966 yana kan tafiya a ƙasar waje. Ya zauna a Gini, ya rasu a Rumaniya ranar 27 ga Afrilu 1972. An fara binne shi a Konakiri, sannan a garinsu Nkroful, sai a 1992 aka kawo shi nan. Matarsa Fathia, 'yar ƙasar Masar, wadda ta rasu a 2007, tana kwance kusa da shi. An gyara wurin aka sake buɗe shi a 2023, ga ruwa na tsartuwa, ga ɗakin ajiye kayansa da hotunansa. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wani mutum-mutuminsa da aka fille wa kai lokacin juyin mulki, an tsayar da gangar jikin, kan kuma an ajiye shi a gefe. Duniya ke nan, rawar 'yan mata.

Mu mutanen Kumasi muna da namu abin tunawa game da wannan bawan Allah. A shekarar da aka sami 'yanci, gwamnatinsa ta kori manyan zangonmu biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya, saboda suna tare da 'yan adawa. A wannan shekara kuma aka yi dokar da ta hana kafa jam'iyya bisa addini ko ƙabila, wadda ta kawo ƙarshen jam'iyyar musulmi ta wancan lokaci. Mun girmama mutumin da ya karɓo mana 'yanci, ba mu kuma manta da wannan ba.

Tafiya kaɗan daga nan sai Dandalin Baƙin Tauraro, wanda aka kammala a 1961, shekarar da Sarauniyar Ingila ta kawo ziyara. Fili ne fetal a bakin teku, ga babbar ƙofa da tauraro a samanta, an rubuta shekarar 1957 da taken ƙasa, wato 'yanci da adalci. Can gaba ana hango fadar Osu, wadda mutanen Danmak suka gina a shekarun 1660, suka sayar wa Ingila a 1850, ta kuma zama mazaunin gwamnati har zuwa 2013. A kan hanyar zuwa fadar nan ne ranar 28 ga Fabrairu 1948 wani Baturen ɗan sanda ya harbe tsofaffin sojoji uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, suna tafiya kai kuka wurin gwamna a kan haƙƙinsu na yaƙin duniya na biyu. Tarzomar da ta biyo baya ce ta gaggauta tafiyar Turawa. Mai masaukinmu ya tuna mana cewa a wannan fili ne musulmin Ankara ke taruwa sallar idi tare da shugabannin ƙasa, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 ne aka mai da ranakun sallolin biyu hutun ƙasa baki ɗaya. Kafin nan ɗan makaranta da ma'aikaci sai sun nemi izini.

Gab da magariba muka koma ta Kanda, maƙwabciyar Nima, muka shiga babban masallacin ƙasa. Mutanen Turkiyya suka ba da kuɗin gina shi, bisa fasalin masallacin Sultan Ahmad na Istanbul, da hasumiya huɗu da ƙubbobi bisa ƙubbobi. An buɗe shi a watan Yuli 2021, yana ɗaukar mutum kimanin 15,000, kuma a harabarsa akwai makaranta da ɗakin shan magani. Bayan sallah muka zauna da wani dattijo, maƙwabcin abokinmu, muka ba shi labarin yawonmu. Muka ce, "Baba, mun ga sawun kakanninmu ko'ina, amma ba mu ga sunansu a rubuce ba." Ya ce, "'Ya'yana, wa kuke jira ya rubuta muku?" Sannan ya ba mu labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da doka ranar 18 ga Nuwamba cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, ba su san kowa ba a inda aka ce su koma. Ya ce yana saurayi a lokacin, ya ga an sayar da gida a kuɗin akuya. Ya ce, "Wanda ya san ranar da kakansa ya zo, da wanda ya ba shi fili, da inda aka binne shi, ba a yi masa barazana da tambayar daga ina ka zo."

Maganar Baba ita ce muka ga ya dace mu isar muku. Zaman Hausawa a Ankara ya kai shekara 150, ya girmi ita kanta ƙasar Gana nesa ba kusa ba. Mun ba garin nan abincin safe, mun ba shi sojoji da 'yan sanda, da malamai da mahauta da fatake. Amma har yau akwai yaranmu da in an tambaye su asalinsu a gaban wani tebur sai su sunkuyar da kai, domin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu. Dattawan da suka san waɗannan abubuwa kullum raguwa suke yi, takardun ajami da na filaye kuma suna cikin adakoki gara na ci.

Saboda haka muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa, a Kumasi da Ankara da Tamale da Sekondi da sauran garuruwa, kowace unguwa ta sami masu ilimin boko biyu ko uku su zauna da tsofaffi su rubuta abin da suka sani, a ɗauki hoton tsofaffin takardu a adana. A kuma nemi izinin hukuma a kafa alluna a wurare irin su Zongo Lane da Sabon Zango. Malaman makarantun Islamiyya su ma, in an tashi kai yara yawon buɗe ido, a haɗa da waɗannan wurare.

Ga wanda yake son ya bi sawunmu, shawararmu ita ce ya fita da sassafe kafin cunkoso, ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya riƙe canji don trotro, ya kula da aljihunsa a Makola. Ya tafi da katinsa na ɗan ƙasa, domin a wuraren tarihi kuɗin shiga na ɗan ƙasa ya fi na baƙo sauƙi. Kada ya ɗauki hoton mutane a Jamestown sai ya nemi izininsu. In kuma da hali, ya riƙe hannun ɗansa ko 'yarsa su tafi tare.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.